Daga Kazan zuwa Bolgar: ziyarar ƙaramin gari mai dogon tarihi

Bikin yaye ɗalibai ne ya kai ni Rasha. Ɗan ƙanwata ya kammala karatun likita a birnin Kazan, mahaifinsa kuma ba shi da ƙoshin lafiyar doguwar tafiya, sai dangi suka ce in je a madadinsu. Tun kafin biza ta fito na gaya wa yaron cewa buƙatata guda ce: idan an watse daga biki ya kai ni Bolgar. Na daɗe da jin labarin tawagar da Halifan Bagadaza ya tura can cikin ƙasar sanyi sama da shekara dubu da suka wuce. Ni kuma mutum ne da ya ƙare aikinsa a ƙaramar hukuma, duk garin da na shiga sai na nemi sanin wa ke riƙe da shi, kuma da me ake tafiyar da shi.

Daga Abuja na tashi zuwa Istanbul, daga can wani jirgin ya sauke mu a Kazan da tsakar dare. An riga an gargaɗe ni cewa tun 2022 katin bankin waje ba ya aiki a Rasha, don haka dala na riƙe, sababbi fil, saboda masu canji ba sa son takardar da ta ji jiki. A wurin jami'an shige da fice an ɗan tsayar da ni, aka tambayi wanda na zo wurinsa da inda zan sauka, aka duba takardar gayyata, sannan aka miƙo mini wata 'yar takarda da aka buga wa hatimi. Da na fito yaron ya rungume ni, abin da ya fara faɗa shi ne, "Kawu, wannan 'yar takardar ku adana ta kamar fasfo, ba ta ɓata." Agogonsu yana gaba da namu da awa 2.

Ba zan tsaya kan Kazan ba, don ta cancanci nata labarin. An yi biki lafiya, mun yi sallah a masallacin Kul Sharif da ke cikin tsohuwar fadar birnin, wanda aka buɗe a 2005, na kuma ga babban coci a harabar guda, tsakaninsu 'yar tafiya kaɗan.

Ta hanyoyi biyu ake zuwa Bolgar a lokacin bazararsu: mota ko jirgin ruwa mai gudu a kan kogin Volga. Mun zaɓi zuwa a mota, mu dawo ta ruwa. Tafiyar kusan kilomita 190 ce, awa uku ko sama da haka, kuɗin motar kuma bai kai rubul 1,000 ba kowane mutum. Da aka fita daga gari sai gonaki, shimfiɗe har iyakar ganin ido, alkama da wata shuka mai fure rawaya da ake matse mai daga 'ya'yanta, jefi-jefi kurmin dogayen bishiyoyi masu farin jiki. Kowane allon hanya da harshe biyu aka rubuta shi, Rashanci da Tataranci, domin su ne harsunan hukuma a Jamhuriyar Tatarstan, yankin Rasha da Kazan ke zaman babban birninsa.

Inda na miƙe zaune shi ne wurin ƙetare kogin Kama. Na ɗauka gada ce irin wadda aka saba, a hau a sauka. Ashe gadar da cikon ƙasar da aka yi mata sun kusa kilomita 14, ruwa dama ruwa hagu, har ka rasa gane kogi kake ƙetarewa ko teku. A 2002 aka buɗe ta. Wani dattijo da ke kujerar gefenmu ya yi wa yaron bayani, shi kuma ya fassara mini, cewa kafin gadar jirgin fito ake jira, idan sanyi ya kankama ruwan ya daskare sai motoci su bi ta kan ƙanƙara. Tsakanin daskarewa da narkewa kuwa, mutanen ƙetare sai su zama kamar an yanke su daga babban birninsu. A nan na fara fahimtar abin da ya sa garuruwan wannan ɓangaren suka daɗe suna ƙanana.

Sau ɗaya 'yan sandan hanya suka tsayar da mu. Takardun direba suka duba, ɗayansu ya leƙo, ya ga baƙin fata biyu, ya nemi fasfo da waccan 'yar takardar, ya karanta, ya mayar, ya sara mana. Duka bai wuce minti biyar ba.

Mun isa bayan azahar. Gaskiya da farko gwiwata ta ɗan yi sanyi. Sunan Bolgar ya cika mini kunne, amma abin da na tarar ƙaramin gari ne shiru, mutanensa dubu 8 da 'yan kai, tituna miƙaƙƙu da suka ratsa juna, gidajen katako masu hawa ɗaya, an sassaƙa ado a kewayen tagoginsu an shafa shuɗi ko kore. Bututun iskar gas fenti rawaya yana bin gefen titi a sama, idan ya zo ƙofar gida sai ya ɗaga ya ba mota hanya sannan ya sauko. Bayan kowane gida akwai lambu, dankalin turawa da albasa da bishiyar tufa. Ba kasuwa mai hayaniya, ba 'yan talla, ba acaɓa.

Masauki ya ɗan ba mu wahala. Dokar ƙasar ta ce duk wanda ya sauki baƙo ɗan ƙasar waje sai ya kai sunansa ga hukuma, kuma ba kowane ƙaramin gidan baƙi ke son wannan ɗawainiyar ba. Gida na farko da muka ƙwanƙwasa, da mai shi ya ga koren fasfo sai ya ba mu haƙuri. Akwai babban otal na alfarma a bakin ruwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna. Daga ƙarshe muka dace da wata dattijuwa Batatariya mai ɗakuna a bayan gidanta, ta karɓe mu a kan rubul 3,000 a dare, ta ce ɗanta zai kai takardunmu ofis da safe. Yaron yana ce mata "apa", yadda suke kiran babbar mace da girmamawa. Da ta ji daga Najeriya muke kuma Musulmi, sai ta dafe ƙirji, ta shiga ciki ta fito da tukunyar shayi.

Ta ba mu miyar taliya da kaza, taliyar da hannu ta yanka ta sirara-sirara. Sai wani burodi mai kusurwa uku da suke kira ecpocmak, cikinsa ɗanyen nama da dankali da albasa ake zubawa a gasa su tare, a bar 'yar ƙofa a sama inda ake ɗiga romo. Idan ka ɓare shi tururi ke fara fitowa, ruwan naman ya jiƙa ƙullin daga ciki. Na ci har na ƙara. Babu yaji ko kaɗan a girkinsu, wannan kam na yi kewar gida. Da shayi ta kawo cak-cak, ƙananan soyayyun fulawa da aka cuɗa da zuma aka tara su tsibi guda. Akwai kuma wani busasshen nama baƙi-baƙi da aka yayyanka, na tambaya, aka ce na doki ne. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ba ma ci. Ba ta ji haushi ba, ta janye farantin ta turo mini zuma.

Daren nan ne ya ba ni mamakin da ba zan manta ba. Rana ta faɗi wajen ƙarfe takwas da rabi, muka yi magariba, na zauna ina jiran jan shafaƙi ya ɓace in yi isha'i. Ƙarfe goma, sha ɗaya, hasken nan yana nan a gefen arewa, ya ƙi tafiya, sai ma ya riƙa matsawa gabas. Kafin ƙarfe uku gari ya waye tangararan. Yaron ya nuna mini jadawalin salla da ofishin muftin Tatarstan ke fitarwa, wanda kowa ke bi. Wannan mas'ala tsohuwa ce. Ahmad ibn Fadlan, wanda ya zo cikin waccan tawagar Bagadaza, ya rubuta mamakinsa kan gajartar daren ƙasar, malaman fiƙihu kuma sun daɗe suna tattauna ko isha'i tana kan mutanen Bolgar a waɗannan watanni, tunda alamar lokacinta ba ta bayyana. Babban malamin Kazan Shihabuddin Marjani, wanda ya rasu a 1889, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa salla biyar ce, ba ta faɗuwa, sai dai a ƙaddara lokacinta. Mu da daren damina da na hunturu ba su da wani babban bambanci a wurinmu, ba mu san irin ni'imar da muke ciki ba. Idan azumi ya faɗo a wannan lokacin, mutanen nan suna haura awa 18 ba ci ba sha.

Da safe muka tafi kufan tsohon birnin, yana dab da garin na yanzu a kan wani tudu da ke kallon Volga. Fili ne makeke, ciyawa kore shar, gine-ginen farin dutse tsaye ɗai-ɗai nesa da juna, an kewaye shi da ganuwar ƙasa da gwalalo mai tsawon sama da kilomita 5. Mun biya kuɗin shiga, muka ɗauki mai rakiya, wata matashiya da ke jin Turanci.

Ta fara da shekarar 921, lokacin da Almish, sarkin Bulgar, wato mutanen ƙasar na wancan zamani, ya aika wa Halifa Muƙtadir yana neman malamai da taimakon gina masallaci da ganuwa. Tawagar ta bar Bagadaza a waccan shekarar, ta bi ta Bukhara da Khwarizm, ta iso wannan yanki a watan Mayun 922. Daga wannan shekara Tatar ke lissafin zaman Musulunci addinin hukuma a ƙasarsu, shi ya sa a 2022 suka yi bikin cika shekara 1,100. Sarakunan Rus na Kiyef sai a 988 suka karɓi Kiristanci, wato Musulunci ya riga shi kafuwa a bakin Volga.

A 1236 rundunar Mongol ƙarƙashin Batu ta ci ƙasar. Abin mamaki, bayan wannan masifar ne Bolgar ta fi bunƙasa, domin ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen sabuwar daular, ana buga kuɗi a cikinta, fatake suna zuwa sayen fatu da zuma da jemammiyar fata. Kusan duk ginin da ke tsaye yau na ƙarni na 13 da na 14 ne. An kai mata hari a 1361, sannan sojojin Mosko suka rusa ta a 1431, daga nan ba ta ƙara farfaɗowa ba, mulki ya koma Kazan, ita ma Kazan ta faɗa hannun sarki Ivan na Huɗu a 1552.

Babban masallacin Juma'a saura harsashi da guntayen ginshiƙai. Doguwar hasumiyar da ke gefensa ta faɗi a 1841, wadda ake gani yanzu a shekarar 2000 aka sake gina ta. Amma Ƙaramar Hasumiya ta asali ce, tana tsaye tun ƙarni na 14 kusa da hubbaren sarakuna. Dab da masallacin akwai coci da aka gina a farkon shekarun 1730, kuma da duwatsun kufan aka yi aikinsa, har da na kaburbura. A cikin wani hubbare an jera duwatsun kaburbura da aka tsinto. Na durƙusa gaban ɗaya, farin dutse da ya fashe daga sama, rubutun Larabci an sassaƙa shi ya fito ɓaro-ɓaro. Mai rakiyarmu ba ta iya karanta shi sai daga takardar da ke hannunta, ni kuwa da karatun allo na iya tsinto sunan Allah da kalmomin addu'a. Jikina ya yi sanyi. Na yi wa mai kabarin addu'a, ko wane ne shi. Tatar sun bar rubutun ajaminsu a ƙarshen shekarun 1920, aka mayar da su haruffan Latin, daga baya kuma na Rashanci, sai ga jikoki ba sa iya karanta kabarin kakanni.

Ta kai mu wata rijiya da ake dangantawa da wani mai suna Abdurrahman. Mutanen wurin suna cewa yana cikin sahabbai uku da aka turo Bolgar. Ita da kanta ta ce labarin baka ne, masana tarihi ba su tabbatar da shi ba, kuma na yaba mata da wannan gaskiyar. Ta ƙara da cewa a zamanin Sobiyet, da aka toshe hanyar Makka, mutane kan zo nan a ɓoye su yi addu'a, wasu har suna kiran ziyarar ƙaramin hajji. Babu wani wuri da ke maye gurbin Ka'aba, wannan a fili yake. Amma da na tuna an rufe masu masallatai, an kashe ko an ɗaure malamansu, sai na ji tausayin tsoffin da suka riƙa takowa nan don kada igiyar ta tsinke a hannunsu.

Sababbin gine-gine suna nan su ma. Akwai ginin tunawa da karɓar Musulunci mai ƙubba ruwan zinariya, inda aka ajiye wani ƙaton Alƙur'ani bugun Italiya, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Akwai Farin Masallaci da aka buɗe a 2012, da kwalejin nazarin addinin Musulunci da ta fara aiki a 2017. Duk wannan ya biyo bayan gidauniyar da tsohon shugaban Tatarstan Mintimer Shaimiev ya jagoranta tun 2010. Hukumar UNESCO ta nuna damuwa kan yawan sabon gini kusa da tsohon kufai, kafin ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Ni ma a raina tsofaffin duwatsun sun fi taɓa ni.

A Farin Masallaci muka yi azahar. Su Hanafawa ne, kuma da ladan ya tayar da iƙama sai na ji yana maimaita kalmomin bibbiyu kamar kiran salla. Ibn Fadlan ya ba da labarin cewa haka ya tarar da ladanin sarki yana yi, ya nemi a mayar da ita ɗai-ɗai, daga baya sarki ya ce a koma yadda aka saba. Shekara dubu da ɗari ke nan, iƙamar tana nan yadda take.

Tarihin garin na yanzu kuwa a bakin ɗan mai masaukinmu na ji shi, da yamma a lambu, sauro na damunmu. Garin ba a nan aka haife shi ba, sunansa ma ba Bolgar ba ne. Asalinsa Spassk, yana can a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Bezdna, kuma a 1781, zamanin sarauniya Katarina ta Biyu, aka ba shi matsayin gari da hedkwatar gunduma a lardin Kazan. A 1926 aka ƙara wa sunan "Tatarsky" don bambanta shi da sauran masu irin sunan. A 1935 wani jigon gwamnatin Sobiyet, Valerian Kuybyshev, ya mutu, sai aka laƙaba wa garin sunansa, a daidai lokacin da babban birnin Samara shi ma aka mayar da shi Kuybyshev. Sai shekarun 1950, da aka datse Volga can ƙasa don samar da lantarki, aka sanar da mutane cewa ruwa zai ci garinsu. Aka kwance gidajen katako gungume-gungume, aka ɗauko su zuwa wannan tudu kusa da kufai, aka sake haɗawa. Tafkin ya cika tsakanin 1955 da 1957. Sai a 1991 garin ya karɓi sunan tsohon birnin da yake maƙwabtaka da shi.

Nan take Bussa ta faɗo mini a rai. Da aka gina madatsar Kainji a ƙarshen shekarun 1960, haka ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa aka kwashe mutane zuwa sabuwa. A can da nan duk labarin ɗaya ne: an yanke hukunci a nesa, lantarkin ya tafi manyan birane, mutanen ƙaramin gari suka bar gonaki da maƙabarta. Wannan tarihi ne ya warware mini wani abin da ya ɗaure mini kai: a garin da Tatar ke ɗauka tushen addininsu, Rashawa ne suka fi yawa, domin zuriyar mutanen Spassk ne. Gundumar ma har yau Spassky ake kiranta.

Na yi ta jero masa tambayoyi kan mulki. Tatarstan tana da gundumomi 43, ban da manyan birane biyu masu cin gashin kansu. Gundumar Spassky, wadda aka kafa a 1930, mutanenta ba su kai dubu 20 ba, abin da a wurinmu wata mazaɓar kansila ɗaya ta fi shi. Bolgar ce hedkwata, tana da majalisarta ta gari, ƙauyuka kuma an haɗa su rukuni-rukuni kowane da tasa majalisar. Akwai shugaban gunduma da ke fitowa daga cikin 'yan majalisa, akwai kuma kwamitin zartarwa mai gudanar da aikin yau da kullum. Kuɗin shigarsu kaɗan ne, mafi yawan abin da ake kashewa daga Kazan yake zuwa, don haka idon shugaban gunduma yana kan Kazan. Ita ma Kazan idonta yana kan Mosko: yarjejeniyar rabon iko da suka fara ƙullawa a 1994 ta ƙare a 2017, a shekarar ne kuma koyon Tataranci a makaranta ya daina zama dole, sannan a 2023 shugaban jamhuriyar, Rustam Minnikhanov, ya bar laƙabin shugaban ƙasa ya koma Rais. Da aka zo maganar harshe, dattijuwar ta sa baki, ta ce jikokinta da Rashanci suke amsa mata.

Abu ɗaya ya burge ni ƙwarai. A ƙauyukan Tatarstan mutane kan taru su kaɗa ƙuri'a cewa kowane baligi zai ba da wani abu don aikin da suka zaɓa da kansu, ko gyaran titi, ko fitilun hanya, ko katange maƙabarta. Duk rubul ɗaya da suka tara, gwamnatin jamhuriya tana ɗora huɗu a kai. Na yi shekaru ina ganin ƙungiyoyin ci gaban ƙauye suna tara kuɗi da guminsu, su fara aji biyu ko ɗakin shan magani, ginin ya tsaya a linta saboda ba mai cika masu. Aikin gayya muna da shi tun kaka da kakanni. Abin da ba mu da shi shi ne alƙawarin hukuma a rubuce, wanda talaka zai iya lissafi da shi kafin ya sa hannu a aljihu. Ba na cewa komai nasu daidai ne. Matasan garin suna gudu Kazan neman aiki, kuma idan sanyi ya shigo baƙi suka ɗauke ƙafa, ciniki yakan mutu.

Washegari muka gangara tashar jirgin ruwa, wadda aka haɗa ta gini ɗaya da gidan tarihin Bulgar, hawa-hawa daga tudu har bakin ruwa. Dattijuwar ta cusa mana ƙullin cak-cak da kwalbar zuma, ta ƙi karɓar ko sisi a kansu. Jirgin ya fi mota tsada amma ya fi ta sauri, cikin awa biyu da wani abu muka shiga Kazan. Wanda ke da niyyar zuwa, ya tabbatar tun daga Kazan cewa masaukinsa yana karɓar baƙin waje, ya riƙe kuɗi a hannu, ya tafi da maganin sauro. Idan kuma taron jama'a yake son gani, a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni ake yin babban taron shekara-shekara na tunawa da zuwan tawagar Bagadaza, lokacin ɗaki yakan yi wuya, sai an kama da wuri.